Hasken Rana da Ƴaƴan Kifi: Ɓarnar da Ido Ba Ya Gani da Yadda Jiki Ke Gyara Ta

A ƙarshen watan Afrilu, in rana ta take tsaka a Jiratawa, manomi kan tsaya bakin gonarsa ya duba ƙasa ya tarar inuwarsa ta shige ƙarƙashin ƙafafunsa. Sau biyu a shekara haka ke faruwa a ƙasar Maraɗi, watau ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta, lokacin da rana ke bi daidai tsakar ka. A irin wannan sa'a mutum kan nemi gindin itace, dabba ta nemi inuwar danga. Masuntan tabkin Madarunfa kuwa, tun kaka da kakanni sun san cewa in rana ta yi ƙarfi kifi kan nutsa ƙasa ko ya laɓe cikin ciyawa. Galibi ana ɗauka zafi kaɗai yake gudu. Gaskiya ne yana gudun zafi, amma akwai wani abu cikin hasken rana wanda ya fi zafi illa, kuma ba a ganinsa, ba a jin ɗuminsa.

Wannan magana ta shafi ƙasar Maraɗi ƙwarai. Gulbin Maraɗi, wanda ke fitowa daga Najeriya ya ratsa ta Jiratawa da Maraɗi da Tibiri kafin ya sake komawa can, da damina kaɗai yake gudu, kuma ruwansa ya ragu tun da aka gina madatsar Jibiya a jihar Katsina. Saboda haka mutane da dama suka juya ga kiwon kifi cikin kududdufai da kwamin siminti da na tamfol. A Jiratawa, inda aka shimfiɗa filin noman rani na eka fiye da 500 tun farkon shekarun 1980, ruwan ƙarƙashin ƙasa ake jawowa da injuna. Ruwa ne garau kamar hawaye. Wannan tsabta tasa alheri ce ga mai sha, amma ga ɗan kifin da aka zuba ciki ba rumfa, tana iya zama masifa.

Ɓoyayyen haske

Hasken rana ba iri ɗaya ba ne. Bakan gizo na nuna launukan da ke cikinsa, daga ja har zuwa shuɗi mai duhu. A shekarar 1801 wani masani Bajamushe, Johann Ritter, ya gano cewa bayan launin ƙarshe akwai sauran haske wanda ido ba ya kamawa, domin ya ga yana baƙanta wani gishirin azurfa da sauri fiye da hasken da ake gani. Shi ne ake kira ultrabiyole, ko ɓoyayyen haske.

Masana sun kasa shi uku: A, B da C. Kashi na C ya fi kowane muni, amma ba ya isowa ƙasa, domin wata iska mai suna ozon, wadda ke shimfiɗe a sama tsakanin kilomita 15 zuwa 35, tana shanye shi baki ɗaya. Tana kuma shanye mafi yawan kashi na B. Cikin ɓoyayyen hasken da ke sauka ƙasa, kimanin kashi 95 cikin 100 na A ne, kashi 5 kacal na B. To, wannan ɗan kaɗan ɗin shi ke yin mafi yawan ɓarna. A ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya, kamar Nijar, rumfar ozon ba ta da kauri kamar ta Turai, ga shi rana na bugowa a miƙe. Ƙurar hunturu na rage ƙarfinsa, gajimare mai kauri ma haka, amma siririn gajimare ba ya tare shi.

Cikin ruwa kuwa, launin ruwan shi ke yanke hukunci. Jan ruwan gulbi mai laka, ko koren ruwan tabki mai gansakuka, kan tare kashi na B tun bai yi nisa da ƴan santimita ba. Ruwa garau kuwa kan bar shi ya nutsa mita da dama. Kenan kwamin da zurfinsa bai kai gwiwa ba, cike da ruwan famfo, ba shi da wurin ɓuya ko ɗaya.

Rubutun da ke cikin jiki

Jikin kifi, kamar na mutum da na gero, an gina shi da ƙananan ɗakuna waɗanda sai da madubin likita ake ganinsu. Su ake kira ƙwayoyin halitta. Cikin kowace ƙwaya akwai wani siririn zare a naɗe, wanda ake kira ADN da Faransanci, DNA da Ingilishi. A Hausa ana iya ce masa zaren gado, domin shi ke sa ɗan tarwaɗa ya fito tarwaɗa, ɗan karfasa ya fito karfasa.

Kifi na da hannu cikin gano wannan zare. Friedrich Miescher, likita ɗan ƙasar Suwis, ya fara ware shi a shekarar 1869, sa'an nan ya ci gaba da bincikensa a birnin Bazel da maniyyin kifin salmon na kogin Rin. Sai a 1953 James Watson da Francis Crick suka bayyana siffarsa a Ingila, tare da dogaro da hotunan da aka ɗauka a ɗakin binciken Rosalind Franklin: igiya ce riɓi biyu, a tufke.

Wanda ya halarci ajin yaƙi da jahilci zai gane aikin wannan zare nan da nan, domin rubutu ne. Baƙaƙensa huɗu ne rak: A, T, G, C. Su ake jerawa, ana sauya musu wuri, har su ba da umurnin yadda za a gina ido da ƙaya da fata. Rubutun karfasa ya kai kimanin baƙaƙe miliyan dubu, na ɗan Adam miliyan dubu uku. Kowane baƙi na igiya ɗaya yana riƙe da abokinsa na ɗaya igiyar: A da T, G da C. Saboda haka in layi ɗaya ya goge, ana iya sake rubuta shi ta duban ɗan'uwansa. Duk lokacin da ƙwaya za ta rabu biyu, sai an kwafe rubutun duka, daga farko har ƙarshe.

Yadda ɓarnar ke aukuwa

In hasken B ya bugi zaren gado a wurin da T biyu ke jere da juna, sai su saki abokansu su manne wa juna. A shekarar 1960 wasu masana biyu na ƙasar Holan, Beukers da Berends, suka gano wannan mannewa. Takan auku kuma tsakanin T da C, ko C da C. Wurin sai ya ƙulle, ya karkace, kamar zaren masaƙi da ya yi ƙulli.

In mai kwafe rubutu ya iso wurin ƙullin, ɗayan biyu ne. Ko dai ya tsaya cik, ƙwayar ta mutu, ko kuwa ya yi cinta-cinta ya sa baƙin da ba shi ba. Mai karatu ya san abin da ɗan lanƙwasa guda ke yi a rubutun Hausa: “kafa” daban, “ƙafa” daban. Haka kuskuren baƙi guda kan sauya umurni a jiki, kuma duk ƙwayoyin da za su fito daga wannan ƙwaya da kuskuren za su tafi. In ya faɗa kan umurnin da ke tsai da yaɗuwar ƙwayoyi, sai su yi ta ƙaruwa ba linzami. Wannan shi ne ciwon daji. Hasken A kuma ta bayan gida yake bi: yana haddasa wasu guba cikin ƙwaya waɗanda ke cin zaren da kewayensa kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe.

Babban kifi na da garkuwa: kaurin fata, ɓawo, da yauƙi. Ƙwai da ƴaƴan da ba su daɗe da ƙyanƙyashewa ba su ne abin tausayi. Jikinsu shara-shara ne, haske na ratsa shi, ba su da ƙarfin gudu zuwa zurfi, ga shi ƙwayoyinsu na rabuwa dare da rana. Tun 1979 John Hunter da abokan aikinsa a Kaliforniya suka nuna cewa hasken B na lalata ido da ƙwaƙwalwar ƴaƴan kifin teku, yana tsumburar da su, yana kashe su. A 1997 an tarar da irin waɗannan ƙulle-ƙulle da yawa cikin ƙwan kifin tekun ƙanƙara na kudancin duniya, a lokacin da rumfar ozon ta yi rauni can. A 2012 kuma, a gaɓar Ostareliya, an duba kifi 136 na wani iri da aka kamo daga teku, aka sami 20 da ciwon dajin fata.

Rana mai cuta, rana mai magani

Da ɓarna kaɗai ke akwai, da tuni ruwa ya ƙare da kifi. Amma Allah bai saukar da wannan cuta ba sai da maganinta. A shekarar 1949 wani masani a Amurka, Albert Kelner, yana haska wa wasu ƙwayoyin ƙasa ɓoyayyen haske don ya kashe su. Sai ya lura lissafinsa ba ya daidaita: wani lokaci su mutu, wani lokaci su farfaɗo. Da ya bi sawu, sai ya gane waɗanda aka bari cikin hasken sarari bayan an ƙona su, su ke tashi. Waɗanda aka kulle cikin duhu kuwa sun tafi kenan.

Mai wannan aiki wani sinadari ne cikin ƙwaya, ana kiransa fotoliyaz. Yakan bi zaren gado yana lalube har ya sami ƙulli, ya zauna kansa. Da shuɗin haske ya faɗo masa, sai ya ɗauki ƙarfin hasken ya raba baƙaƙen nan biyu, kowane ya koma mazauninsa, tun ido bai ƙifta ba. Ba ya yanke kome, ba ya jefar da kome. Aziz Sancar, likita haifaffen ƙasar Turkiyya, ya shafe shekaru yana binciken wannan sinadari, kuma a 2015 ya sami kyautar Nobel tare da Tomas Lindahl da Paul Modrich saboda bayanin hanyoyin gyaran zaren gado.

Kifi ne ya ba da babbar shaida kan darajar wannan gyara. A 1977 Ronald Hart da Richard Setlow da Avril Woodhead suka yi gwaji a Amurka da wani ɗan kifi wanda duk mata ne, ƴaƴansa kuma kan fito kamar an tsaga kara da uwa. Suka ɗebi ƙwayoyin jikinsa suka ƙona da ɓoyayyen haske, suka yi wa ƴan'uwansa allura da su: mafi yawansu suka yi ƙari a maƙogwaro. Da suka sake gwajin, amma suka shanya ƙwayoyin cikin hasken sarari kafin allurar, sai ƙarin ya ragu ƙwarai. Nan aka tabbatar cewa ƙullin ne ke jawo ƙarin, kuma kwance shi na hana ciwon.

Akwai hanya ta biyu, wadda ba ta bukatar haske. Setlow da William Carrier suka bayyana ta a 1964. Ita aikin tela ce: a gano wurin da ya lalace, a yanka gaba da bayansa, a cire guntun, a duba ɗaya igiyar a sake rubuta abin da aka cire, a ɗinke. A jikin mutum guntun da ake cirewa ya kai baƙaƙe kusan 30. Hanyar tana cin lokaci da ƙarfin jiki. Kifi na da hanyoyin biyu, amma ya fi dogara ga ta haske, don ta fi sauri. Tsirrai ma suna da ita. Ɗan Adam kuwa, da saniya da akuya da raƙumi, ba su da fotoliyaz mai wannan aiki. Telan nan kaɗai gare su. A 1968 James Cleaver ya gano cewa akwai yaran da ake haifa ba su da ko wannan, har ƴar rana kaɗan ke jawo musu ciwon dajin fata. Zabaya kuma, ko da yake gyaransu lafiya lau yake, ba su da baƙin launin da ke tare hasken, shi ya sa malafa da doguwar riga suka zama wajibi gare su.

Hausawa kan ce wa wanda bai san duniya ba “kifin rijiya”. Ashe akwai shi da gaske. A ƙarƙashin hamadar Somaliya akwai wani kifi da ya shekara miliyoyi cikin ruwan kogo, ba ido, ba ɓawo, ba launi. A 2018 masana na Jamus da Italiya suka nuna cewa ya rasa gyaran nan na haske. Abin da ba a aiki da shi, a kwana a tashi sai ya ɓace.

Dabarun kifin gida

Kafin a kai ga gyara, kifi na da rigakafinsa. Baƙin launin bayansa laima ce. A Hawayi, a 1996, an ga ƴaƴan wani kifin teku suna ƙara duhu in sun zauna ruwa marar zurfi. A 2015 masana a Amurka suka gano cewa kifaye da dama na haɗa wani sinadari mai suna gadusol wanda ke shanye hasken B, daga baya kuma aka nuna cewa uwa kan zuba shi cikin ƙwanta tun kafin ta saka.

Halayen kifin gulbi ma sun dace da haka. Karfasa takan ɗauke ƙwanta cikin baki har su ƙyanƙyashe, ƴaƴan kuma su riƙa komawa ciki in sun ji tsoro. Tarwaɗa da dare take zuba ƙwai, cikin ciyawar da ruwan damina ya shanye, ƴaƴanta kuma masu gudun haske ne. Gaiwa kuwa in tabki ya ƙafe sai ta shige laka ta yi kwanci har ruwa ya dawo. Mai kiwo da ya raba kifi da laka da ciyawa da zurfi, ya kamata ya san cewa ya tuɓe masa riga, kuma nauyin mayar masa da ita na wuyansa.

Abin da ya kamata mai kiwo ya yi

Gyara da ɓarna tsere suke yi. In ƙulli ya fi ƙarfin mai kwancewa, kifi ya faɗi. Saboda haka manufa ita ce a rage ɓarna, ba a hana haske duka ba.

Na farko, zurfi. Kududdufin kiwo ya kai mita ɗaya ko fiye, kuma a kula da shi da bazara, lokacin da ruwa ke ja baya rana kuma ta fi ƙarfi.

Na biyu, rumfa. A rufe wani sashe na kwami da zana ko kaba ko asabari, a bar sauran a buɗe. Wurin ƙyanƙyasar tarwaɗa kuwa a rufe shi sosai.

Na uku, launin ruwa. A kududdufin karfasa, ɗan takin dabbobi daidai gwargwado kan sa ruwa ya yi kore; koren nan abinci ne kuma laima ce. Ma'aikatan ruwa da gandun daji na iya nuna yawan da ya dace, domin in taki ya yi yawa iskar ruwa kan ƙare.

Na huɗu, lokaci. Ƴaƴan kifin da aka sayo daga ɗakin ƙyanƙyasa, ba su saba da rana ba. Kada a juye su fili da tsakar rana. A yi jigilarsu da asuba ko da maraice, a fara ajiye su ƙarƙashin rumfa, domin jikin kifi kan ƙara yawan masu gyara in yana samun haske sannu-sannu. Daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma ne ɓoyayyen haske ya fi tsanani.

Na biyar, tsabta. Baƙin man inji da na babur na ɗauke da wasu sinadarai waɗanda in sun shiga jikin ɗan kifi, rana ta buge shi, gubarsu kan ninku sau da yawa. Wanke babur ko injin ban-ruwa a bakin kududdufi ganganci ne.

Ƙunar rana na da alamarta: fari-farin tabo a doron kifi da tsakar kansa, watau wuraren da ke fuskantar sama, daga baya ya zama gyambo, wani abu kamar auduga ya tsiro kai. Amma ba kowace mutuwar kifi ce ta rana ba. In karfasa na taruwa saman ruwa da asuba tana haki, iska ce ta yi mata kaɗan. A kai wa ma'aikata labari kafin a sayi magani. Kifin da aka shanya a rana kuwa ba shi da wata illa ta wannan fanni ga mai ci, domin ƙullin zaren kifi ba ya komawa zaren mutum.

Rabon hukuma

Akwai abin da ya fi ƙarfin mai kwami ɗaya. A 1974 Mario Molina da Sherwood Rowland suka yi gargaɗi cewa iskar da ake ɗura wa firji da na'urorin sanyaya ɗaki na hawa sama tana cinye ozon. A 1985 masanan Ingila suka ba da labarin wagegen rami a rumfar, bisa kudancin duniya. Ran 16 ga Satumba 1987 aka sa hannu kan yarjejeniyar Monreyal don daina yin wannan iska. Nijar ta shiga a 1992, kuma zuwa 2009 babu ƙasar Majalisar Ɗinkin Duniya da ta rage a waje. Rahoton da Majalisar ta fitar a farkon 2023 ya ce in an ɗore a haka, rumfar za ta koma yadda take a 1980 wajen shekarar 2040 a mafi yawan duniya, a kudancin ƙarshe kuwa wajen 2066. Ma'aikacin duwan da ke tsare tsofaffin firji a kan iyakar Ɗan Isa, da mai gyaran firji a kasuwar Maraɗi da ba ya sakin iskar sama, duk suna cikin wannan aiki.

A gida kuma, masu zuba kifi cikin tabkuna su zaɓi lokacin da ruwa ke cike. A hana sare itatuwan bakin tabki da ƙone ciyawar gefensa, domin nan ne ɗakin haihuwar kifi. Tabkin Madarunfa da ƙananan tabkunan kwarin gulbi na ciyar da gidaje masu yawa, kuma kifin baɗi yana cikin ƙwan bana. Malaman gona da na yaƙi da jahilci su isar da wannan bayani ga ƙungiyoyin manoma da masunta, tun daga Jiratawa har Tibiri. Zana guda da aka ɗora bisa kwami kafin bazara ba ta kai kuɗin ƴaƴan kifi dubu da za a kwashe matattu ba. Rigakafi ya fi magani.